Ranar Da Alhaji Maccido Ya Kwashe Ƙaya

Idan ana lissafin masoyan itatuwa a ƙasar Jega, to a gyara zama a fara da Alhaji Maccido. Bawan Allah ne da tausayin daji ya hana shi sakat. Ya taɓa tsayar da motarsa a hanyar Aliero yana yi wa wata kuka kallon jinƙai har direbansa ya yi gyangyaɗi. Dillalin albasa ne, ya yi arziki, ya ajiye tumbi, kuma bai taɓa riƙe fartanya ba sai ranar da ya saya wa wani.

Shekarun farko na jihar Kebbi, mutanen ƙauyen Karaye suka tashi farfaɗo da kurmin bakin tafkinsu, wanda fari da gatari suka cinye har tsuntsaye suka ƙaurace masa. Aikin gayya ne, ba mai biyan wani. Wata dattijuwa, Gudiya, ita da matan unguwarsu suka reni dashen tsamiya da ɗorawa da kanya a tsofaffin gwangwanaye, da ruwan da suke ɗebowa a ka. Samari suka haƙa ramuka da damina. Tamu, wani makiyayi da ke zaune a gefen gari, ya ja mutanensa suka saro ƙaya aka kewaye kowane dashe, don ya fi kowa sanin halin akuya. Alhaji Maccido kuwa shi ya ɗauki kaya mafi nauyi: ya yarda ya zama shugaba, ba tare da ya wahalar da kowa wajen roƙonsa ba.

Kai, an ga sadaukarwa! Duk ranar aiki sai ya zo ya tsaya a bakin hanya, ya sauke gilashin mota, ya goge gumin da mutane ke yi. "Kun ga ramukkan da munka gina?" in ji shi. "Wallahi mun sha wuya." Shi ya sa samari suka raɗa masa Alhaji Munka-Yi, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Bayan an gama kaka sai labari ya zo cewa wani babban jami'in gandun daji zai taso daga Birnin Kebbi ya duba aikin. Idan ya ga dashe ya kama, za a sa kurmin cikin wuraren da hukuma ke karewa, a haƙa rijiya, a ajiye mai gadi. Gudiya ta yi ta murna, don wuyanta ya gaji da tulu. Alhaji ya ba da ɗinkin sabuwar shadda.

Da safiyar ranar, abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: shugaba ya taka ƙafa cikin kurmi. Bai yi nisa ba ƙaya ta cafke masa hannun riga, ji kake ɓarr! Ya tsaya yana huci.

"Mi an nan? Baƙo shi taso tun daga Birnin Kebbi shi ishe ƙazanta? Munka sha wuya munka yi shuka, ku kuma kunka rufe ta da ƙaya kamar abin kunya! A kwashe!"

Tamu ya ce, "Alhaji, an fa saki bisashe."

"Akuyar da ta san ni ba ta shigowa nan," in ji Alhaji. Ya sa 'yan dakon albasarsa suka janye ƙayar kaf suka tara ta can bayan tafki. Gudiya tana gida wajen tukunyar baƙi, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Sai hikima ta biyu. Ya sa aka kafa rumfa tana fuskantar kurmi, shi kuma zai tsaya ya ba kurmin baya, yadda duk wanda ya dube shi zai gan shi cikin kore shar. Ya jera 'yan dakon nan da sanduna, ya ce duk wanda ya motsa yana jawabi a zaunar da shi, ko waye.

Baƙo ya iso, aka yi addu'a, Alhaji ya karɓi lasifika. Ya fara daga kakansa, wanda in ji shi tsuntsaye ke sauka a kafaɗarsa. Yana cikin tarihin mahaifinsa wata jar akuya ta leƙo daga gonakin da aka girbe. Ta duba, ta kasa gaskata idonta. Ta yi kuka ɗaya, sai ga dangi gaba da baya, har da tumaki 'yan rakiya.

Jama'a suka fara guna-guni. "Kai! Kai!" Wasu suka ɗaga hannu suna kaɗawa. "Alhaji! Alhaji!"

Alhaji ya dafa ƙirji. "Na gode, na gode. Ku bari in ƙare, kada ku sa ni kuka."

Samari suka zabura, sanduna suka mayar da su. Gudiya ta miƙe tana nuni da hannu biyu, hawaye na zuba. Wallahi ko ni da ke ba ku labari raina ya ɓaci a wurin nan.

"Ku dubi tsohuwar ga," in ji Alhaji, "kukan daɗi takai. Zamna, Inna, Allah ne ya ba ku ni."

Shi kansa baƙon ya ɗaga yatsa ya buɗe baki. Alhaji ya yi murmushi: "Ranka shi daɗe, tambaya sai ƙarshe."

Ƙarshen ya zo kusan azahar. Ya baza riga, ya ɗaga murya: "Yanzu, jama'a, ku dubi aikinmu!" Ya juya. Tsinkaye ne tsaye reras, ba ganye ko na shafa wa ciwo. Wani bunsuru ya ɗago kai ya dube shi yana tauna.

Baƙon nan ya yi ta fama da dariya har hularsa ta karkace. Amma mutumin kirki ne. Ya zaga, ya ga ramuka, ya ga tsibin ƙaya, ya fahimci komai. Ya ce wa Gudiya rijiya ba bana ba, amma in baɗi ya dawo ya tarar da ganye, magana tana nan. Ta share hawaye, ta ce to, ta koma ga tulunta.

Allah da ikonsa, da yawan dashen suka sake toho, aka cike gurbin sauran da damina. Ran nan sai ga motar shugaba, ya zo duba wahalarsa. Ya tarar kowane dashe da ƙayarsa, sannan an zagaye kurmin duka da wani shinge mai tsayin mutum, ƙofarsa 'yar siririya, sai marar tumbi ya bi a kaikaice.

Ya ƙwala wa Tamu kira. "Kai, wace irin wauta ce wagga? Ƙaya bisa ƙaya? Awaki nawa ag garin ga?"

Tamu ya rusuna da ladabi. "Ƙananan can su ne na awaki, Alhaji. Babbar ga taka ce."