Layar Da Ba Ta Kwana A Caji Ba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na gwada wa jama'a layar Bature ba, duk da cewa Allah Ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. A lokacin ni ne jami'in kula da lafiyar ma'aikata a wani filin haƙar kuza da ke bayan Jos (muƙami ne ƙarami, amma yadda nake ji da shi sai ka ce gwamna).

Layar Bature suna ne da ma'aikata suka laƙaba wa wata 'yar na'ura mai girman akwatin ashana, ana maƙala ta a aljihun riga. Idan tifa ko katafila ta matso kusa da mai ɗauke da ita, sai wata na'urar a gaban direba ta hau ƙara, in bai taka birki ba motar ta tsaya da kanta. Ba haka kawai kamfani ya sayo ta ba. Sai da tifar Malam Sale ta yi ribas ta taka ƙafar Dung, wani mai wankin kuza, har aka yanke ta daga gwiwa.

Babu wanda ya ga laifin Malam Sale, don daga kujerar tifa ba a ganin abin da ke baya. Shi ne dai ya kasa yafe wa kansa. Dattijon da ya yi furfura a kan sitiyari ya koma gidansa a unguwar Congo-Russia ya zauna, ga iyali, ga shi ba shi da wata sana'a. Na yi ta sintiri wurinsa ina lallashi. Na rantse masa cewa da wannan na'ura, ko yana so ba zai iya taka mutum ba. Da ƙyar ya yarda zai ja motar ranar gwaji, in hankalinsa ya kwanta ya dawo aiki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Layun nan sai da caji, kuma a ofishinmu ake jona su saboda akwai janareta. Unguwanninmu kuwa wuta sai ta ga dama. Don haka ma'aikata suka tsiro da zare laya su jona waya. Na yi wa'azi a kan wannan har muryata ta dushe, na yi barazanar kora, na kira mutane marasa tunani. Ana gobe gwaji, da yamma, wayata ta mutu. Na waiga ban ga kowa ba, na zare layata na jona waya da niyyar in mayar kafin in tashi. Na tashi da wayata, layar ta kwana a kan tebur ba caji.

Da safe na sure ta na maƙala, ko duba koren hasken caji da nake tilasta wa kowa dubawa ban yi ba. Manyan kamfani sun zo, ma'aikata sun yi layi cikin sanyi, an kawo wa Dung benci ya zauna da sandunansa. Na yi jawabi mai tsawo. Na miƙa wa wani direba wayata ya ɗauke ni bidiyo (uwargida nake so ta ga irin mijin da take aure). Sannan na ce wa Malam Sale ya yo ribas a hankali, kada ya kuskura ya taɓa birki. Na tsaya a bayan tifa, kuma don neman suna na juya mata baya na harɗe hannuwa.

Ina jin ƙarar injin tana matsowa, ina murmushi. Na ji ɗumin hayaƙi a bayan wuyana, na ƙara faɗaɗa murmushin. Sai muryar Dung ta tsaga filin: "Baba Sale, birki! Birki!" Na waiga na ga ƙarfen bayan mota a kan hancina. Ban san sanda na yi tsalle ba, sai ji na na yi tsundum cikin kududdufin wankin kuza, ruwa mai sanyin ƙanƙara, jan taɓo har cikin baki.

Da aka jawo ni, injiniyan da ya kawo na'urar ya cire layar ya danna, shiru. Na yi wuf na ce ruwa ne ya shige ta. Ya ce ruwa ba ya shigarta, caji ne babu ko ɗigo. Daga nan direban nan ya miƙo mini wayata a gaban kowa, ya ce, "Oga, wayanka dai cike yake fal." Na so a yi dariya, wallahi da ta fi mini sauƙi. Babu wanda ya yi, duk Malam Sale suke kallo.

Ya sauko daga motar yana dafa ƙofa. Ya dubi Dung, ya dube ni, ya sa mini makulli a hannuna mai taɓo. Bai ɗaga murya ba. "Ɗana, kai ka ce ko ina so ba zan iya ba." Ya juya ya nufi bakin titi a ƙafa, an kira shi bai waiwayo ba.

Ni an yi mini faɗa an bar ni a kan aikina, abin da har yau yake ba ni kunya. Shi kuwa bai sake hawa mota ba. Yana kasuwar Farin Gada yanzu, yana tsare wa ƙaninsa buhunan dankali. Na je neman gafara, ya ce ya yafe, har ya ƙara mini gyara a dankalin da na saya, na dawo gida na kasa ci.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: kafin ka rantse wa mai tsoro cewa babu abin tsoro, duba aljihunka tukuna. An ɗauke ni aiki don in hana mota taka mutum, sai ga shi ni na taka dattijo, alhali ko tuƙi ban iya ba.