Ranar Da Ruwa Ya Shammaci Hajiya Yalwa

A layinmu na Tudun Jukun a Zariya, in damina ta kankama ba mai wahalar da wuyansa wajen kallon sama. Muryar Hajiya Yalwa ake jira. Tsohuwa ce mai sana'ar garin tuwo, gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye, saboda haka in ta lallaɓa ta baza masararta a tsakar gida sai ta koma falo ta saki labule, ta kishingiɗa gaban talabijin. To daga cikin falon nan, rana na ƙwallewa, sai ka ji ta ɗaga murya: "A kwashe shanya!" Gida ya miƙa wa gida ta kan katanga, mata su hau guje-guje da tabarmi da wanki, wasu su shigo su taya ta kwashe tata. Kafin a yi minti goma gabas ta haɗe, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Shekara tara tana wannan aiki ba ta taɓa kuskure ba. Wasu suka ce baiwa ce, wasu suka ce gwiwar ce ke gaya mata, wata ma ta rantse gado ne, wai haka kakarta take. Hajiya kuwa in an tambaye ta sai ta gyara zama ta ce sani na Allah ne, sannan ta miƙa hannu ta karɓi goron da aka kawo mata. Ni kaina na yarda da baiwar nan, kuma har yau abin yana ba ni haushi, don na taɓa ɓatawa da wani malamin jami'a a kanta.

Ashe dish ɗin talabijin ne. Wanda marigayi maigidanta ya kafa a kan rufi, fuskarsa na kallon gabas, inda hadarinmu ke tasowa. Da zarar hadari ya taso can nesa, hoton talabijin sai ya fara karkarwa, fuskokin mutane su tsage gida-gida, sannan ya ɗauke ɗif. Abin da ke sa sauran jama'a tsaki, ita shi ta mayar jari, ta kuma kama bakinta.

Ana nan sai ɗanta na fari ya zo hutu daga Abuja. Sagiru, abokina ne tun firamare, injiniya. Da yake ɗan fari ne Hajiya ba ta kama sunansa, "yaron nan" take ce masa, in kuma za ta yi masa shaƙiyanci ta ce Injiniya. Bara ya sa mata sola, bana kuma ya zo da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ake haɗa shi da talabijin a riƙa kallo ta intanet. Ya zauna ya yi mata huɗuba. Wai dish ya zama tsohon yayi, kana biyan tashoshi ɗari biyu kana kallon uku. Wannan kuwa kai za ka zaɓi abin da kake so, lokacin da kake so, in kashi ɗaya ya ƙare na biye ya hau da kansa. Ya ajiye babbar hujjarsa sai a ƙarshe: ko ruwan ƙanƙara ake yi, ba ya ɗaukewa.

Nan Hajiya ta shiga kawo uzuri. Ta ce dish ɗin nan abin tunawa da mahaifinsa ne. Ya ce za a adana shi a sito. Ta ce tattabaru na hutawa a kai. Ya ce su koma bishiya. Gaskiyar magana ba ta faɗuwa, don in ta faɗa baiwa ta tashi, goro ya yanke. Tana cikin neman wata dabara sai ya danna, ga wasan nan mai dogon zango da take jira mako-mako, kashi tamanin a jere kamar buhuna a shago. Hajiya ta gyara zama ta ƙura wa talabijin ido. Kafin la'asar dish na jingine a sito, bayan turmi.

Kwana uku da yin haka ana shirin suna a gidana, matata Hurera ta haihu. Danginta sun zo daga Giwa, an wanke shinkafar masa, an niƙo garin tuwo an baza a tabarmi huɗu, wankin jego ya cika igiya. Gwaggon Hurera, wata busasshiyar tsohuwa da ta ƙarar da rayuwarta a gona, ta ɗaga kai ta ce ita fa ba ta yarda da wannan zafin ba. Matan layi suka yi mata dariya, suka ce ta kwantar da hankalinta, nan birni ne, muna da Hajiya. Har aikawa aka yi aka tambayo. Hajiya, ido na kan talabijin, ta ce a shanya, tana nan. Ina jin ta manta an raba ta da dish. Mata suka shige ɗaki wajen mai jego, aka kafa kitso da hira.

A gidan Hajiya kuwa labule a sake, fanka na juyawa, an ƙure murya saboda kunnenta ya fara nauyi. A wasan an kai inda za a tona asirin mugun wan nan da ya cinye gadon marayu. Sagiru, wanda ya ce wasan na mata ne, yana kujerar jikin taga, wai taya ta zama yake yi, amma bakinsa a buɗe. Iska ta taso, wutar gari ta ɗauke, sola ta karɓa ko ƙiftawa ba a yi ba. Ruwa ya sauko. Ɗan akwatin nan ya cika alkawarinsa, ko gezau.

Ni ina masallaci na fake. Da na dawo na tarar da garin sunan ɗana yana bin rariya fari fat, kaji na bin sa. Wankin jego a ƙasa, shinkafa ta koma jiƙo na biyu. Masarar Hajiya rabin buhu ita ma ta sha. Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi.

Matan layi ba su yi fushi ba, tsorata suka yi. Suka ɗunguma gidan Hajiya jiƙe sharkaf, wata har ta fara matsar ƙwalla, don a ganinsu in dai ruwa ya sauka ba a ji muryarta ba, to sai dai wani ikon Allah. Suka ɗaga labule suka same ta garau, riƙe da abin dannawa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Au, ruwa ake yi?" Gwaggon nan ta Giwa ta leƙo ta kafaɗar wata, ta ƙare mata kallo, ta ce, "Wannan ce mai baiwar?" Ta juya ta fice. Sagiru ya ce mini tun da yake bai taɓa ganin Hajiya ta kashe talabijin da hannunta ba sai ranar.

Washegari da safe na shiga gaishe ta, na tarar da Injiniya a kan tsani, dish a kafaɗa, Hajiya na ƙasa a kujera 'yar tsugunno tana nuna masa gabas da sandarta. Ta kuma ce a sabunta mata kuɗin wata yau-yau, ɗan akwatin a bar shi sai kaka ta yi. Yana cikin ɗaure kusoshi sai ya tsaya, ya dubi dish, ya dubi gabas, ya dube ta. Dariya ta ƙwace masa har tsani na rawa.

"Hajiya, wai dama shi ne baiwar?"

"Ɗaure min kaya, ka rage murya. Katangar nan ba ta da tsawo."

"To yanzu fisabilillahi, duk wata sai ki riƙa biyan kuɗi don kawai abu ya lalace miki a kan lokaci?"

Hajiya ta ɓare goro, ta miƙo mini rabi, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Shi wata-wata nake biya masa, Injiniya, kuma bai taɓa bari ruwa ya ci min gari ba. Kai shekara goma sha bakwai na yi ina biya maka kuɗin makaranta, ranar nan kana jikin taga."