Yadda Sallau Ya Kare Hancinsa

Wani mutum ne a garinmu, Sallau, wanda aka fi sani da Sallau Amerika. Ya ɓace shekara da shekaru, ya dawo da hula mai baki da wani santalelen kulki. Abin da ya yi a can Allah kaɗai ya sani. Shi dai cewa yake ƙwararren ɗan wasan besbol ne, wasan nan da ake jefo ƙwallo, a maka mata kulki, a zura da gudu.

Kullum a teburin mai shayi labarin ke nan.

"Na taɓa dukan ƙwallo, ƙwal, sai a gari na gaba aka tsince ta, tana hayaƙi," in ji shi. "Ba don gwiwar nan ba, da har yau Turawa na layi su taɓa hannuna."

Ba mai musu, don ba wanda ya san wasan. Shayi kuwa kyauta, mai kauri, har da ƙwai.

Ana nan sai aka yi wa sakandaren garin kyautar kayan besbol. Shugaban makarantar, Malam Nomau, ya ce ana neman mai horar da ɗalibai, ga albashi ga babur. Sallau ya ji babur, ya ce ai zance ya ƙare.

Ranar miƙa kaya fili ya cika maƙil. Har Turai, bazawarar da Sallau yake nema, ta zo ta sha kwalliya. Wani koci mai suna Jatau ya kawo kayan daga Kaduna cikin buhu. Ya gaisa da Sallau cikin ladabi.

"Yallaɓai, zan jefo, ka ɗan nuna musu duka."

Sallau ya ja da baya. Ya dafa gwiwa.

"Likitana na can ya hana. Kuma in na buga, rufin ajin nan ba zai kai gobe ba."

"To ka sa kayan kariya, ka bayyana wa ɗalibai amfaninsu."

Sallau ya saki numfashi. In dai surutu ne, an zo gidansa. Ya zura hannu a buhu, ya sa na ƙirji, ya ɗaura na ƙwauri, yana zuba kamar rediyo. Can ya zaro wani ɗan ƙoƙon roba mai huji-huji, da zariya a jiki. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya kifa shi a hanci, ya ɗaure a ƙeya tamau.

"Wannan shi ne uban kaya," ya ce, murya na fita ta hanci. "Ba ɗan wasan da ke shiga fili ba shi. Shi ya ceci hancina a wasan ƙarshe." Ya shaƙa, ya lumshe ido. "Kai, har ƙamshin Amerika bai fita ba."

Aka tafa raf-raf. Turai ta yi murmushi.

Jatau ya matso zai yi masa raɗa, bai lura ba Malam Nomau na tsaye dab da su, lasifika a kunne a hannunsa.

"Yallaɓai, wannan cikin wando ake sa shi, don kare gaba. Kuma nawa ne. Da shi na yi atisaye da safen nan."