Jinin Onarabul Sagir

Shekarar da soja suka koma bariki, Allah ya kashe ya ba mutanen Katsina: Alhaji Sagir ya zama kansilan lafiya. Wa ya fi shi cancanta? Mutumin da ya yi wata uku cur yana miƙa kati a tagar asibiti! 'Yan Ƙofar Marusa suka laƙaba masa Likita Ba Allura. Kafin sati biyu ya tattara ya koma GRA, don iskar unguwarsu ta daina karɓarsa.

Ilimi kuwa kyauta yake raba shi. "Jini shi ke ɗaukar iska daga huhu shi kai ma jiki," in ji shi. "Mu masu shaƙar iskar eyakwandishan, namu ja ne jawur. Talaka kau, hayaƙin icce ya dafe nashi."

Ana nan sai ƙanwarsa Furera ta haihu, jini ya ɓalle mata. A asibiti aka ce in ba a yi mata ƙarin jini ba, da wuya ta kai la'asar. Maƙwabcinta Babaji mai faskare, wanda jininsu ya zo ɗaya, har ya naɗe hannun riga, sai ga Onarabul da mai hoto a bayansa.

"Jinin hayaƙi za ku ɗura ma ɗiyar gidanmu? Kauce, Malam! Sista, ɗebi na asali."

Sista Jummai ta gwada shi, ta soka allura. Jini ya gangaro cikin leda da duhunsa, kamar zoɓon da ya ji wuta. Onarabul ya zaro ido.

"Mi kika zuba ciki?"

"Naka ne, ranka shi daɗe. Ya riga ya sauke iska mai kyau a jiki, ya kwaso gurɓatacciya zai mai da ita huhu. Na kowa haka yake a wannan jijiya."

Masanin bai ji ƙarshen darasin ba. Ya sake duban ledar, ya sulale ƙasa, hula ta yi nata wuri. Mai hoto, da yake an ce kada ya bar komai, ya ɗauka.

Da yake ledar ba ta cika ba, jinin Babaji aka ɗura wa Furera, ga ta nan tana goyon ɗanta. Shi kuwa Likita Ba Allura, da malafar mai faskaren aka yi masa fifita har ya farfaɗo, yana zuƙar iskar da warin hayaƙinta, bai ko yamutsa fuska ba.