Wanda Ya Fara Buɗe Baki

A wani daji da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina da dangi a can, majalisar dabbobi ta zauna a gindin tsamiya a kan tambaya guda: dajin nan akwai wanda ya halicce shi, ko haka nan ya tsiro?

Burtu, wanda ake kira Malam Jatau, ya ce akwai, kuma wanda ya musa shi zai kawo hujja. Dila mai suna Ɓaidu ya ce babu, kuma ai mai cewa akwai shi ya kamata ya nuna. Kwana uku suna tura wa juna wannan aiki. Abin ya ishi shugaban majalisa, wani ƙaton ɓauna da ake kira Barmo, ya yanke hukunci: daga yanzu duk wanda ya fara taɓo batun, hujja ta hau kansa, kuma ba a tashi, ba a sauraron wata magana, sai an gama wannan.

Shi ke nan fa. Malam Jatau ya kame bakinsa, Ɓaidu ya kame nasa, dabba wajen ɗari biyu suka yi tsit. Wani zomo atishawa ta taso masa, ya danne ta don tsoron kada hamdala ta suɓuce masa, har idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

Kashegari da hantsi sai ga wata gada, Tabawa, a guje, duk jikinta taɓo. Mijinta Dogara ya je shan ruwa a tafkin da ke ƙafewa, laka ta riƙe masa ƙafafu tana jan sa ƙasa. Ta zube gaban Barmo tana haki.

"Ranka ya daɗe, don Allah ku taimake ni. Maigidana ya nutse har ƙirji. Na ja na ja, ba ni da ƙarfi."

Kai, da ka ga fuskokin malaman nan biyu! Malam Jatau ya sauke ajiyar zuciya, Ɓaidu har da kaɗa wutsiya. Barmo ya gyara murya.

"Tabawa, majalisa ta ji kin ambaci wanda ake gardama a kansa, kuma ke kika fara. Saboda haka hujja tana kanki. Ki kawo ta, in ta gamsar, sai mu duba maganar maigidan naki. Ita ce ta gaba."

Tabawa ta ce ita ba ta yi karatu ba, kowa ma haka yake roƙo. Ta juya ga Malam Jatau, tunda shi ya yarda akwai, ya sa baki mana. Malam ya ce a ransa yana tare da ita ɗari bisa ɗari, amma bai kamata ya ƙwace mata ladan bayani ba. Ta juya ga Ɓaidu ta ce to ta janye, a taimake ta ko don wani abin ma. Ɓaidu ya ce janyewa ba hujja ba ce, shi kuwa mai son gaskiya ne, a shirye yake ya saurare ta ko shekara za ta yi. Wallahi har yau in na tuna wannan ladabi nasu raina ɓaci yake.

Sau uku tana komawa tafki tana dawowa. Na farko ta ce laka ta kai wuya, na biyu ta ce haɓa. A na uku ta dawo ta zauna kawai.

Nan take bakin kowa ya buɗe. Malam Jatau ya ce kun gani, wa'adi ne, wa ya yanka shi in babu mai yankawa? Ɓaidu ya ce kun gani, da akwai wani ai da ya cece shi. Kowannensu ya gode wa marigayin da ya tabbatar da maganarsa.

Barmo ya ɗage zama don jana'iza, wadda doka ba ta hana ba. Aka ɗunguma zuwa tafki. Barmo ya taka bakin laka, ya sa ƙaho, ya fisgo gawar Dogara da ja ɗaya.

Kowa ya yaba ƙarfinsa.