Rasuwar Goggo, Taya Mai Inci Talatin da Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa da har yau suke warin ƙonanniyar roba, ni Kolbeinn Snorrason, malamin lissafi a makarantar kwarin nan, a madadin matata Arndís da tsohuwar jif ɗinmu, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shan romo daga hannuna, rasuwar tayarmu ta gaba ta hagu, wadda ɗalibaina suka laƙaba wa suna Goggo. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ta wuce, a kan hanyar tsauni, ranar koro tumaki gida, bayan gajeriyar rashin lafiya da wani magani da ya fi ciwon ƙarfi.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne daga wani shagon taya a garin Akureyri tare da 'yan'uwanta mata uku. Na tuna ranar. Mai shagon bai gaishe ni ba, kamar yadda aka saba, sai ya ce, “Inci nawa?” Na ce talatin da uku. Ya dube ni kamar na zo sayen takalmin jariri, ya ce, “Na keken ɗinki ne ko na mota?”

Na yi masa bayani a natse, kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Talatin da uku takan shiga ƙarƙashin motar ba tare da an sa zarto an yanke mata jiki ba. Talatin da takwas kuwa sai an yanka, an ɗaga motar sama, an sauya giya, sannan a saya wa Arndís kujerar takawa. Motar kuma ta mahaifinta ce, ta riga ta gaya mini ranar da zarto ya taɓa ta in nemi wurin kwana. Wili ma, wato ƙarfen da taya take zama a kansa, ƙarami na zaɓa, mai inci goma sha biyar, domin a samu roba mai yawa tsakanin ƙarfe da dutse. Babban wili mai sheƙi da 'yar siririyar roba na masu yawo a titunan Reykjavík ne, waɗanda babban tsauninsu shi ne gefen kwata. Mai shagon ya ce, “To, Malam, an ji. Kada dai ka gaya wa kowa a nan ka saya.”

Goggo ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba ta sa mota shan mai fiye da kima. A kan kwalta takan yi ɗan gurnani, “mmmm,” a hankali, yadda mutum zai iya jin rahoton yanayi a rediyo ba tare da ya ƙara murya ba. A kan tsakuwa takan ce “ƙaras-ƙaras,” kamar mai tauna busasshen kifi. Idan aka iso dusar ƙanƙara na durƙusa na rage mata iska don ta baje ta yi faɗi, sai ta ce “fsssss,” irin ajiyar zuciyar tsohuwar da ta samu wurin zama bayan dogon yini. Ta taɓa ɗaukar ƙusa a jikinta tsawon hunturu guda ba ta gaya wa kowa ba. Faci uku ta bari a duniya, kowanne da labarinsa, ba kuma wanda ta jawo wa kanta.

Amma babban aikinta, wanda za a riƙa tunawa da ita a kansa, shi ne kai romo. Kowace kaka, idan mutanen kwari suka hau dawakai suka tafi tsauni tattaro tumaki, Arndís takan dafa babbar tukunyar romon rago da dankali da karas, ni kuma in kai musu bukkar tsauni su sha da zafinsa. Ban iya hawan doki ba, tumaki ma ba sa jin maganata. Wannan tukunyar ita ce kaɗai rabona a aikin da duk kwarin yake yi tare, ina kuma ƙaunarsa fiye da yadda nake iya faɗa. Goggo ce take fara shiga kogi, ita ce take fara taka dutse, ba ta kuma taɓa bari romo ya taɓa murfi ba.

Wajibi ne a nan in ambaci Sturla, ƙanin matata, ba don zargi ba, sai don tarihi ya cika. Sturla yana da mota mai taya inci arba'in da huɗu, wadda ake hawa da tsani. Idan ya tsaya a gidanmu, falonmu yakan yi duhu. A taron shirin kaka na bana ya miƙe ya kawo shawara cewa kada a sake barin wata mota mai ƙasa da inci talatin da takwas ta hau tsauni.

“Ba da kowa nake ba,” in ji shi, yana kallona. “Amma a ce abincin maza ashirin yana tafiya a kan zoben labule? Kolli, surukina, ka bar mini tukunyar nan, ka zauna gida ka yi makin jarrabawa.”

Na ce, “Sturla, ba ka taɓa shan romo mai sanyi daga wurina ba.”

“Ai kafin ka iso yunwa ta kashe mana harshe. Wa ya san zafi ko sanyi?”

Aka yi dariya. Jórunn, Sarauniyar Tsauni, wadda ita ke jagorantar koro tumaki tun kafin Sturla ya daina fitsarin kwance, ta buga cokali a jikin kofi. Ta ce, “Ku rufe mini baki, ku biyun. Kolbeinn zai kai bana. Idan romo ya iso da zafi, tukunya tasa ce har ya gaji. Idan bai iso ba, zan sake duba maganar.” Da wannan nauyin a kanta Goggo ta fita tafiyarta ta ƙarshe.

Dusar ƙanƙara ta yi sammako a bana. Da muka kai inda hanya take kwanciya a gefen gangare, muka tsaya rage iska, ni a gaba, Sturla a baya, wai ya biyo ni ne don ya ga ƙarshen abin. Na rage wa tayoyina daidai yadda suka saba, har suka zauna kamar kaza a kan ƙwai, na zagaya baya in ƙara ɗaure murfin tukunya. Ina can na ji muryar Goggo, “fsssss,” doguwa, irin wadda ban taɓa ji ba. Na leƙo, sai ga Sturla a durƙushe a gabanta.

“Me kake yi mata?”

“Taimakonka nake, Malam. Kai tsoron rage iska kake. Dubi nawa, kusan babu komai a ciki, ga su suna iyo kamar agwagi.”

Gaskiya ya faɗa game da nasa. Abin da ya manta shi ne, wilin motarsa yana da zoben ƙarfe da ke damƙe bakin taya, ko an zuƙe iskar duka ba za ta fita ba. Wilin Goggo kuwa ba abin da ke riƙe ta a jikinsa sai iskar da Sturla ya sallama. Na ce a kunna famfo a mayar mata. Ya ce romo yana hucewa. Wannan maganar ce ta sa na shiga mota.

Ba mu yi nisa ba gangaren ya jingina nauyin motar duka a kanta. Ta ce “fuf,” a hankali, kamar mai neman gafara, ta zame daga kan wili. Kafin in tsaya, ƙarfe ya riga ya taka mata gefe.

Har a lokacin akwai sauran rai. Da an ɗaga motar, an goge bakin wilin, an ɗaure ta da igiya an bi ta da famfo sannu a hankali, da wataƙila yau ba wannan nake rubutawa ba. Safaya kuwa tana gida, domin a gurbinta tukunya take zama. Sturla ya ce shi ba ya aikin tsofaffi. Ya ɗauko gwangwanin feshin da ake ta da inji da shi, mai saurin kama wuta, ya fesa a cikinta, wai idan aka kyasta ashana wutar za ta buga ta koma kan wili, ya ga ana yi sau ɗari.

Na ce, “Ya isa haka.”

Ya ce, “Wannan na inci talatin da uku ne? Bari in ƙara mata ta san ta girma.”

Ya ƙara. Ya kyasta.

Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce “BUM!” Ita ce kuma kaɗai ɗaga murya da ta taɓa yi a rayuwarta. An ji ta har bukkar tsauni, inda aka ce tumaki kusan ɗari da aka sha wuya aka tara suka koma inda suka fito. Ba wanda ya ji rauni, sai girar Sturla guda biyu, waɗanda suka raka ta.

Sauran labarin kowa ya sani, amma zan faɗa don waɗanda suke bakin teku ranar. Muka mayar da tukunya motar Sturla. Na roƙe shi ya tafi a hankali. Ya ce yau zan ga abin da ake kira mota. Manyan tayoyi masu laushi suna da kirki a kan dusar ƙanƙara, amma idan aka sa su gudu a kan duwatsu sai su riƙa tsalle kamar ƙwallo. A kogi na farko murfi ya tashi. A na biyu tukunya ta bi shi. Muka isa bukka da dankali a cikin takalmanmu da karas a aljihun kujera. Maza da mata ashirin da suka yini a kan doki suka ci busasshen kifi da man shanu. Karnukan kiwo ne kaɗai suka yi walima, a cikin motar Sturla, har ƙarƙashin tabarmar ƙafa.

Jórunn ta leƙa tukunya, ta dubi fuskar Sturla, ta ce, “Yaro, ina girarka?”

Ya ce, “Doguwar magana ce.”

Ta ce, “Ina da lokaci. Ba abin da zan ci.”

Marigayiyar ta bar 'yan'uwa uku, ta gaba ta dama da tagwayen baya, dukansu haƙoransu sun sauka. Ta bar ƙanwa ɗaya, safaya, wadda ba ta girma ba, ba ta kuma taɓa ganin tsauni ba. Ta bar wili guda mai baƙin tabo, da jif da aka jawo daga tsauni, wadda yanzu ke tsaye a kan katako a bayan gida tana kallon bango. Mai shagon Akureyri ya ce ba a haɗa sabuwar taya da tsofaffi uku a mota mai jan ƙafa huɗu, domin sabuwar za ta fi su tsawo, motar ta riƙa ɗingishi har giya ta lalace. Sai dai a sayi huɗu. Ya ƙara da cewa tunda abin ya zo da haka, ga dama ta samu ta talatin da takwas. Arndís ta karɓi wayar daga hannuna ta yi masa bayani. Ban ji abin da ta ce ba, amma ya kira daga baya ya yi ta'aziyya yadda ya kamata.

Iyalan suna godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa nan gaba su zo da haƙuri kawai, su bar shawarar inci a gida, mun samu wadda za ta ishe mu har bazara.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a tashar jiragen kamun kifi, inda za a rataye marigayiya da sarƙa a jikin bangon tashar, jirage su riƙa jingina da ita. Ɗalibaina za su yi waƙa ɗaya, gajera. Bayan nan akwai kofi da fanke, da sabuwar tukunyar romo da Arndís ta yi alkawari, domin a biya mutanen tsauni abin da suka rasa.

Jórunn ta ba ni izini in sanar da hukuncinta a nan, don kada a yi gardama a gaban gawa. Ta ce romo bai iso ba, saboda haka motata ta sauka daga aikin, kuma daga yanzu motar Sturla ce za ta riƙa kai shi, tunda ya nace. Sai dai makullin a hannuna zai kasance, ni zan tuƙa, da irin tafiyar da na saba. Sturla zai zauna a baya, tukunya a tsakanin gwiwoyinsa, hannuwansa biyu a kan murfi, daga ƙofar gidanmu har bukkar tsauni, kowace kaka, har ranar da ita Jórunn ta manta da yunwar da ta ji. Waɗanda suka san ta sun ce ba ta mantuwa.

Za mu fara gwaji ranar jana'izar, daga gida zuwa tasha. Masu son raka gawa su tsaya a bakin hanya, za mu wuce a hankali, kowa zai samu ganinsa. Ana dai roƙon jama'a, don girman marigayiya, kada kowa ya ɗaga wa Sturla hannu. Yaro ne mai ladabi, zai so ya rama, romon kuma da zafinsa yake.