Ranar da Na Kawo Ƙudurin Tsige Malam Nasiru

Haƙƙi ne a kan ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa a Kuala Lumpur ta zauna kafin kowane zango, a raba aikin tarbar sababbin zuwa a filin jirgi. Akwai zangon da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da yake na yi ƙoƙari. Ba a yi zaman ba, sai wani sabon ɗalibi ya sauka da matarsa da akwatuna bakwai, suka wuni a tashar jirgin ƙasa ta Sentul suna neman mai jin Hausa.

A matsayina na magatakarda mai karatun digiri na uku a shari'a (ban kammala ba, amma ana ce mini Barista, ban kuma hana ba), na ga dole wani ya rasa kujerarsa. Na zaɓi shugabanmu, Malam Nasiru. Na rubuta ƙuduri shafi huɗu, na tara mambobi a wani mamak, gidan abincin da muke zama a Bukit Jalil.

Na fara da gyara fahimtar jama'a. Na ce kalmar impeach ba tsigewa take nufi ba kai tsaye, tuhumar mai riƙe da muƙami ce a gaban majalisa. Na ce ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, inda take nufin tare mutum, asalinta kuma Latin ne, wato saka wa ƙafa sarƙa. Na nuna ƙafar Malam Nasiru da biro. Shi kuwa roti, wata irin gurasa, yake ci.

Na kai minti ashirin, sannan Malama Rabi, mai karatun kimiyya, ta ɗaga hannu.

"Barista, wannan zaman wa ya kira?"

"Ni."

"Me ya sa kai?"

"Domin kundin ƙungiya ya ce..."

Nan na tsaya. Ita ba ta tsaya ba. Ta karanto sashe na shida, a shafi na biyu na kundin, daga wayarta: kiran kowane zama aikin magatakarda ne shi kaɗai. (Ni na rubuta kundin. Wannan "shi kaɗai" sai da na yi musun yini guda kafin aka yarda aka saka.)

Malam Nasiru ya goge hannu, ya ce, "Sau biyu na tuna maka, Barista. Ka amsa da 'an lura'. Zauna mana, shayinka ya huce."

Sai wani da ban sani ba ya miƙe daga ƙarshen tebur cikin ladabi.

"Don Allah ranka ya daɗe, ni ne na Sentul ɗin. Maiɗakina ce ta ce in gano mata fuskar magatakardan."

Na rubuta duk wannan a littafin zama, har da dariyar, domin ba na rage tarihi. Na kuma koyi cewa kafin mutum ya bi kalma har Latin, ya fara karanta shafi na biyu na abin da ya rubuta da hannunsa.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya, cikin girmamawa, ta kafa kwamitin bincike a kan magatakarda. Ina kuma roƙon a gyara sashe na shida kafin nan, domin a yadda yake yanzu, kwamitin ba zai zauna ba sai na kira shi.